Wasan Kwaikwayo a Rediyo Domin Yara: Jagora ga Ɗalibai da Malamansu

Makarantun sakandare da kwalejojin ilmi da yawa a ƙasar nan suna da ƙungiyoyin wasan kwaikwayo. Galibi aikinsu shi ne su fito ranar ba da kyaututtuka ko ranar bikin al'adu, su yi wasa a gaban iyaye da manyan baƙi, a yi dariya, a tafa, a watse. Daga nan sai kuma baɗi. Alhali kuwa a cikin garin akwai yara 'yan firamare, da waɗanda ma ba a sa su makaranta ba, da ba za su taɓa taka wannan zauren taro ba, ga shi su ne suka fi kowa son labari. Rediyo na iya kai musu wasan har tsakar gida. Saboda malamai da ɗalibai masu niyyar yin haka aka shirya wannan ɗan littafi.

Abu biyu ya kamata a riƙe tun daga farko. Na ɗaya, yaron da ake yi wa wasan ba ya ganin kome. Hausawa sun ce gani ya kori ji, to a rediyo ji ne kaɗai, shi zai yi aikin ido da na kunne gaba ɗaya. Na biyu, akwatin rediyon ba na yaron ba ne. Na babansa ne, ko na innarsa, ko na mai shayin bakin layi, in kuwa a cikin waya ake saurare, wayar tana aljihun wani babba. Duk shirin da ya manta da waɗannan abubuwa biyu, ko ya yi kyau yaya, iska kawai zai bi.

Ba yau aka fara ba

Wasan kwaikwayon Hausa na zamani a makaranta ya tashi. A shekarun 1930 aka buga wasanni shida da Dokta R. M. East ya shirya domin 'yan makaranta. Malam Aminu Kano ya rubuta wasanni tun yana ɗalibi a Kwalejin Kaduna. Wasan Marafa na Abubakar Tunau, wanda ya fito a 1949, jan hankali ne a kan tsabta. Da rediyo ya kafu sai ya ɗauki wannan aiki ya faɗaɗa shi. An kafa hukumar rediyo ta Nijeriya a 1957, gidan rediyon Jihar Arewa a Kaduna ya fara aiki a 1962, sa'an nan a 1978 aka haɗe su ƙarƙashin Rediyon Tarayya. Wasannin Shu'aibu Maƙarfi, watau Zamanin Nan Namu da Jatau Na Kyallu, sai da aka ji su a rediyo kafin su zama littattafai, haka kuma Zaman Duniya Iyawa Ne na Yusuf Ladan. Samanja na Usman Baba Pategi ya isa misali ga mai son ya san ƙarfin murya: da ya buɗe baki da Hausarsa ta bariki, ba sai an gaya wa kowa ko wane ne ba.

A 1992 aka yi dokar da ta kafa hukumar kula da gidajen rediyo da talabijin ta ƙasa, aka kuma ba 'yan kasuwa damar buɗe nasu. Daga baya jami'o'i suka sami izini, Jami'ar Legas ce ta fara, yau kuwa Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya da Jami'ar Bayero ta Kano duk suna da tashoshinsu. Ke nan ƙofofin da ɗalibai za su ƙwanƙwasa sun fi na dā yawa ƙwarai. Da aka rufe makarantu a watan Maris na 2020 saboda annobar korona, jihohi da dama ta rediyo suka ci gaba da koyar da yara.

Wane yaro?

Kalmar "yara" tana da faɗi. Ɗan shekara biyar da ɗan shekara goma sha biyu ba abu guda ke ba su dariya ba, ba kuma abu guda ke tsorata su ba. Tilas ƙungiya ta zauna ta yanke shawara. Ga masu farawa, 'yan aji uku zuwa aji shida na firamare sun fi sauƙi, domin suna iya bin labari daga mako zuwa mako, suna kuma iya maimaita shi ga ƙannensu.

Kafin a ɗora alƙalami a takarda, sai a nemi izinin hedimastan wata firamare ta kusa, a tura ɗalibai biyu ko uku su zauna da yaran. Su saurari yadda suke magana, da wasannin da suke yi, da abin da suke gardama a kai, da abin da suke ɓoye wa manya. Wannan ziyara takan warware batun harshe ma. Hausar yaron Sabo a Ibadan ko Agege a Legas ta sha bamban da ta yaron Katsina, ta yaron Jos ko Jalingo ma haka. Wanda ya cika wa yaran Agege kunne da tsofaffin kalmomin da ko iyayensu sun daina faɗa, ya burge malamin Hausa ne kawai.

Zaɓen labari

Kuskuren da ya fi yawa shi ne a ɗauko darasi a sa masa rigar wasa. Sai a ji wani malami ko likita ya tsaya yana zuba bayani minti biyar, yara na cewa "to, Malam". Yaro ya sha irin wannan tun safe a aji, ba zai zauna ya ƙara da yamma ba. Tatsuniya ba haka take yi ba. Gizo yakan yi kwaɗayi, ya yi ƙarya, ya shiga uku, mai sauraro kuwa ya gane da kansa.

A ɗauki misalin tsargiya. Cuta ce da wata 'yar tsutsa ke kawowa, wadda ke rayuwa a jikin dodon koɗi na cikin ruwa, ta shiga ta fatar mai wanka ko wanki a kududdufi ko rafi, daga baya a ga jini a fitsari. Tana da magani a asibiti. Amma yara maza da yawa sukan ɓoye, wasu don kunya, wasu don tsoron duka, wasu kuwa don an ce musu alamar girma ce. To a nan labarin yake: yaron da ke ɓoye wani abu, da yayarsa da ta gano, da abokin da ke zuga shi. Likita zai shigo, amma sai can gaba, maganarsa kuma kada ta wuce jimla uku ko huɗu. Duk wani bayani na lafiya da za a sa a bakinsa, lalle a kai wa ma'aikacin asibiti ya duba tukuna, domin kuskuren da ya fita ta rediyo ba ya kiranyuwa.

Wasa ɗaya, magana ɗaya. In an ɗauki tsargiya, a bar batun satar jarrabawa da dashen itatuwa sai wani zango.

Rubutu domin kunne

A dandali, da yaro ya shigo da jiƙaƙƙen wando kowa ya gani. A rediyo sai an ji. Ga yadda za a iya buɗe wasan:

(Ƙarar tsintsiya a tsakar gida. Ƙyauren langa-langa ya motsa a hankali.)

TALATU: Tsaya nan! Wa ke saɗaɗowa ta ƙofar baya kamar ɓarawon kaji?

ƊANLAMI: Yaya, don Allah yi a hankali, kada Inna ta ji.

TALATU: Ɗanlami! Dubi wandonka yana ɗiga a inda na share. Kududdufin bayan kasuwa ka koma ko?

ƊANLAMI: Su Audu ne suka ja ni.

INNA: (daga nesa) Talatu, ke da wa?

ƊANLAMI: (da raɗa) Yaya, gobe ƙosaina duka naki ne.

A cikin waɗannan 'yan layuka mai sauraro ya san inda ake, ya san sunayen mutum uku da dangantakarsu, ya ga jiƙaƙƙen wando, ya san Inna tana can cikin ɗaki, ya kuma ƙagu ya ji ko Talatu za ta tona. Babu wanda ya tsaya ya yi masa bayani. Sunaye sai a riƙa maimaita su a farkon kowace fitowa, fiye da yadda ake yi a hirar yau da kullum, don yaro ya riƙe. A guji sunaye masu kama da juna: Hasana da Husaina a wasa ɗaya rikici ne.

Mutanen cikin wasa kada su wuce biyar ko shida, masu magana a fitowa ɗaya kuwa uku sun isa. Wajen zaɓen 'yan wasa, malami ya juya musu baya ko ya rufe ido ya saurara. Ɗalibin da ya fi kowa iya tafiyar tsoho da kwaikwayon fuska, mai yiwuwa ba shi da amfani a nan, wata yarinya mai kunya da ba ta taɓa hawa dandali ba kuma ta zama ita ce tauraruwa. Abin nema shi ne muryoyin da ba za a rikita su ba: mai kauri, da siririya, da mai sauri, da mai jan magana.

In gidan rediyo ya ba da minti 15, a cire minti ɗaya na buɗewa da tuna abin da ya faru a makon jiya, minti ɗaya na rufewa, da wani na sanarwa. Saura 12. Ba a ƙiyasta wannan da yawan shafi, sai an karanta da baki ana duban agogo. Kowane kashi kuma a yanke shi daidai inda rai ya fi so a ci gaba.

Akwai mai ba da labari, wanda kan haɗa fitowa da fitowa. Ga yara yana da amfani, musamman in muryar kaka ce ko ta wani tsoho, domin sun saba da ita. Sai dai kada ya zama shi ke yin wasan duka.

Wata magana a kan barkwanci. Tsakanin Fulani da Barebari, ko Kanawa da Zagezagi, ko Gobirawa da Yarbawa, akwai wasan da kowa ya san iyakarsa in ana ido da ido. Rediyo ba ya zaɓen gida. Yaron da aka kwaikwayi Hausar babansa don a yi dariya, gobe shi za a tsokana a makaranta. Haka nan kwaikwayon mai in'ina ko kurma ko gurgu. Ƙa'idojin hukumar kula da gidajen rediyo sun tanadi kariya ga yara, sun kuma hana abin da zai wulaƙanta wata ƙabila ko addini, saboda haka gidan rediyo na da ikon ya ƙi karɓar wasan.

Ɗaukar murya

In tasha ta ba da ɗakinta da injiniyanta, an huta. In ba ta bayar ba, wayar hannu mai kyau ta isa, muddin an sami ɗakin da ya dace. Aji mai siminti da rufin kwano yana amsa kuwwa, murya takan fito kamar daga cikin rijiya. Ƙaramin ɗaki ya fi, a shimfiɗa tabarmi da barguna, a jingina katifu a bango, a rufe taga, a kashe fanka. A zaɓi lokacin da janareta ba ya aiki, ba a kusa da tashi daga makaranta ba, ba kuma dab da kiran salla ba. A cire wayar daga kan layi don kada kira ya katse aiki.

Tsakanin baki da makirfo a bar kamar taƙi ɗaya. Mai raɗa ya matso, mai ihu ya ja da baya ya kau da kai. Wanda ake so a ji kamar yana nesa, irin Inna a misalin da ya gabata, sai ya koma ƙarshen ɗaki. A cire takardun daga maƙalarsu, kowace in an gama da ita a sake ta ta faɗi a kan bargo, domin ƙarar buɗe shafi takan fito fiye da yadda ake zato.

Ƙararrakin wasa kuwa a nan ɗalibai suka fi jin daɗi, a nan ne kuma suka fi wuce gona da iri. Ɓawon kwakwa biyu a kan tire mai yashi, ga doki. Gero ana zuba shi sannu a kan faranti, ga ruwan sama a kan kwano. Leda ana murza ta kusa da makirfo, ga wuta tana ci. Hannu a cikin bokitin ruwa, ga yara a kududdufi. Amma ƙara ba ta bayyana kanta: ruwan sama da suyar ƙosai kusan ɗaya suke a kunne, sai wani ya ce "ga hadari ya sauko" sa'an nan mai sauraro ya san wanne ne. Ƙara ɗaya ko biyu sun isa a nuna wuri. Carar zakara asuba ce, sallama da tafi ƙofar gida ce.

Waƙar buɗe shiri ɗalibai su tsara tasu, da kalangu ko sarewa ko tafi kawai. Ɗaukar faifan wani mawaƙi ba da izini ba ya saɓa wa dokar haƙƙin mallaka ta 2022. Ban da haka ma, waƙar da aka yi don shirin ita ce yara za su riƙa rerawa a hanya, wanda talla ce da ba a biya ba. Wajen yanka da haɗawa, akwai manhajar kwamfuta ta kyauta mai suna Audacity da ɗalibi zai iya koya cikin 'yan kwanaki.

Lokaci

Zangon karatu bai fi mako goma sha biyu ko sha uku ba. Wanda ya fi dacewa shi ne a ƙare zango ɗaya wajen ziyara, rubutu, gwaji da ɗauka, a watsa a zango na gaba. Kashi shida sun isa karon farko, kuma kada a fara watsawa sai duka suna hannu. Shirin da ya fita mako biyu ya ɓace saboda jarrabawa ko zazzaɓin jarumi, da wuya masu sauraro su komo masa. Kada a ɗora nauyin a kan 'yan ajin ƙarshe a zango na uku, lokacin suna fama da jarrabawar fita.

Sa'ar da za a sa shirin ta fi kome muhimmanci, ita ce kuma ake yawan bar wa gidan rediyo ya zaɓa. Da safe yara suna makaranta. Bayan la'asar da yawansu suna Islamiyya, wasu suna talla, da damina wasu suna gona. Safiyar Lahadi yaran Kirista suna coci. Lokacin labaran duniya kuwa maigida ba zai saki akwatinsa ba ko da wa ya zo. Abin da ya rage galibi shi ne bayan isha kaɗan, lokacin da dā ma aka saba yin tatsuniya, ko yammacin Alhamis da Juma'a a inda makarantun allo ke hutu. Kowane gari da nasa tsari, kuma yaran da aka ziyarta tun farko su za su faɗi gaskiyar lamarin. Gara a jira wata guda a sami sa'a mai kyau da a karɓi ƙarfe goma sha ɗaya na safiyar Talata don kyauta ce.

Wasiƙar neman fili shugaban makaranta ne zai sa mata hannu, a haɗa da taƙaitaccen labarin da kashi ɗaya da aka riga aka ɗauka. Abin da aka shirya da tashar, rana da sa'a da yawan makonni da ko za a maimaita, a rubuta shi. In sai an biya, ƙungiyar iyaye da malamai ko tsofaffin ɗalibai su ne na farko da za a tuntuɓa. Kuɗin ɗan siyasa ko na mai sayar da abin da bai dace da yara ba, a bar shi.

Shela

Tun da akwatin a hannun manya yake, shela kashi biyu ce: a sa yaro ya so, a sa babba ya yarda.

Ta wajen yara, babu abin da ya kai zuwa da kai. Mako biyu kafin a fara, 'yan wasa su zaga firamarorin gari lokacin taron safe, su yi minti uku na kashin farko da bakinsu, su tsaya cak a inda Inna ta ce "ke da wa?" In yara suka yi ca suna tambaya, sai a gaya musu rana da sa'a da tasha, a sa su maimaita da ƙarfi sau uku, a koya musu waƙar shirin. Takardun mannawa su kasance da babban zane da 'yan kalmomi kaɗan, a boko da ajami inda ya dace, a manna su daidai tsayin yaro.

Ta wajen manya, a ba kowane yaro 'yar takarda ya kai gida, a yi magana a taron iyaye da malamai, a kai gaisuwa wurin mai unguwa da liman da fasto a gaya musu abin da wasan ya ƙunsa. Uba in ya san ba shashanci ba ne, shi da kansa zai kira yara. Iyaye mata su ne ƙashin bayan abin, domin su suka fi zama da rediyo a gida, saboda haka a roƙi mai gabatar da filin mata ta ambaci shirin. Ita tashar kuma a ba ta sanarwa ta daƙiƙa talatin, da muryoyin 'yan wasan, wadda za ta faɗi rana da sa'a a farko ta kuma maimaita a ƙarshe. In ana son ranar farawa mai sauƙin tunawa, ga Ranar Yara, 27 ga Mayu, ga kuma Ranar Rediyo ta Duniya, 13 ga Fabrairu.

Akwai gidajen da ba rediyo, ko akwai amma ba batir. Ɗalibai na iya raba unguwanni a tsakaninsu, kowa ya tara yaran maƙwabta a ƙofar gida ko a zaure, da sanin iyayensu, a saurara tare. Bayan an watsa, in tasha ta amince, sai a tura kashin ta WhatsApp ga malaman firamare da iyaye.

A ƙarshen kowane kashi a yi tambaya guda: da kai ne Talatu, za ka faɗa wa Inna? A ajiye kwali a kowace firamare yara su jefa amsa, a karanta wasu a mako mai zuwa. Yaron da ya ji sunansa a rediyo, gidansu duka sun zama masu sauraro. Sai dai a tsaya ga sunan farko da na makaranta, ban da sunan uba ko kwatancen gida, kuma duk yaron da za a ɗauki muryarsa sai da yardar iyayensa.

Washegarin kowace watsawa, ɗalibai biyu su koma aji huɗu ko biyar na firamaren da aka fara ziyarta. Kada su tambaya ko wasan ya yi daɗi, domin yara za su ce ya yi ko don kunya. Su tambaya wa ya ji, a ina ya ji, sa'an nan su ce wani ya tashi ya ba da labarin. Inda ya rikice, ko ya haɗa mutum biyu ya mai da su ɗaya, a rubuta a littafin ƙungiya. Wannan littafi, da rubutun wasannin, da muryoyin da aka ɗauka, a damƙa su ga malamin da ke kula da ƙungiyar, a kuma tabbata akwai 'yan ƙananan azuzuwa biyu ko uku a kowane sashe na aikin, tun daga rubutu har zuwa riƙon makirfo, domin su za su ɗauki zango na gaba in manyan sun fita.